Kasafin Wutar Lantarki a Kumbon Sama: Darasi Daga Apollo 13

Kowane hakimi ya san ba a buɗe rumbu a yi ta ɗiba ba tare da an ƙidaya watannin da suka rage kafin kaka ba. To, haka al'amarin wutar lantarki ya ke a kumbon sama, gama can babu maƙwabcin da za a ranta a wurinsa.

Ran 11 ga Afrilu, 1970, Amurka ta harba kumbo Apollo 13 zuwa wata, da mutum uku a ciki: James Lovell, da Jack Swigert, da Fred Haise. Wutar babban kumbon daga na'urori uku ta ke fitowa, masu haɗa iskar oksijin da haidurojin su ba da wuta da ruwa. Ran 13 ga wata tankin oksijin guda ya fashe, suna wajen mil 200,000 daga duniya. Wuta ta soma ƙarewa.

Sai aka kashe kome na babban kumbon, domin a tanadi ƙananan baturansa uku, waɗanda in babu su ba a iya saukowa ƙasa. Mutanen suka ƙaura cikin ƙaramin kumbon sauka a wata. Shi kuwa an shirya shi domin mutum biyu na kwana biyu, ga shi zai riƙe mutum uku wajen kwana huɗu.

Masana a Houston suka bi na'urori ɗai-ɗai, suna lissafin abin da kowace ta ke ci. Aka rage cin wuta ya koma kamar amfiya 12, watau ma'aunin gudun wuta. Aka bar na'urar magana da ƙasa, aka kashe na ɗumama ɗaki. Sanyi ya tsananta, barci ya gagara, amma baturan suka kai.

Saura aiki mafi wuya, watau tayar da babban kumbon da 'yar wutar da ta rage. Wani injiniya, John Aaron, da abokan aikinsa suka tsara jerin abin da za a kunna, wannan bayan wancan. Na'urorin da ke nuna wa Houston lafiyar kumbon, su aka bari sai ƙarshe. Saboda haka tilas Swigert ya bi rubutaccen jerin nan daidai, ba mai duba masa kuskure daga ƙasa.

Ran 17 ga Afrilu suka sauka tekun Fasifik da ransu. Malamai su lura: ba ƙarin wuta aka samu ba. Ƙidaya abin da ke hannu aka yi, aka san na gaba da na baya, aka kuma rubuta shi ba kuskure.