Hadari da Hazo a Wasan Labari

Matasan Fadaman Mada masu zaman wasan labari irin Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, shawarata ga mai jan labarin cikinku ce. Malam, kada ka bar rana ta tsaya cak a duniyar da ka ƙirƙira.

Kafin jarumai su fita, jefa ɗan ludo. Ɗaya ko biyu, gari garau. Uku ko huɗu, hadari ya haɗo daga gabas. Biyar, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shida, guguwa, wadda mutanenmu ke cewa aljanu na tafe cikinta.

Amma yanayin ya taɓa su a jiki. In ruwan Agusta ya sauka, fadama ta cika, doki ya kafe a taɓo, tsirkiyar baka ta jiƙe ta saki, sawun Dodo da suke bi ya shafe. Sai su zaɓa, ko su jira, ko su ratsa rafi a bakin ransu.

A ganina hunturu ya fi armashi. Hazon Janairu yana ɓoye ayari, yana ɓoye mahara, mai gadi bai san an iso ba sai kare ya yi haushi. Da bazara kuwa, ƙirga musu ruwan salka.

Kada hazo ya biyo ruwa a wuni guda, sai in tsafi ne. Kafin yanayi ya sauya, ka riƙa ba su alama tukuna, ko da sanyin iska ne, don su shirya.