Darasi: Awon Gishirin Ruwa da Ƙasa Kafin a Shuka Abincin Shanu

Jama'a, duk wanda ya taɓa koro shanu daga Gigimi ya bi ta Maine-Soroa zuwa Gaidam ya san rijiyoyin Manga: wata daɗi, wata zartsi, wata kanwa zalla. Yanzu da yawanmu sun kafa garka kusa da kara, suna ban-ruwa don su sami ciyawa da harawa ta kiwon turka. To, a nan gizo ke saƙa. Ruwan da sa zai sha ya yi ƙiba, shi ne zai iya kashe shukar.

Harshe ba ya gane wannan. Akwai ɗan ma'auni mai batir, kamar alƙalami, da ake tsomawa a ruwa. Gwargwadon gishirin da ya narke, gwargwadon yadda lantarki ke ratsa ruwan, sai lamba ta fito. Ana rubuta ta dS/m. In naka yana nuna µS/cm, to 1000 shi ne 1.

Ga abin da hukumar FAO ta tsara tun 1985. Ruwan ban-ruwa in bai kai 0,7 ba, lafiya lau. Daga nan zuwa 3 a yi hattara. Ya wuce 3, wahala ce. Amma shanu har 5 suna sha, sai dai baƙi su ɗan yi zawo kwana kaɗan. In ya haura 8, kada a ba mai ciki ko mai shayarwa. Kun ga ke nan rijiya mai 4 ta mashaya ce, ba ta garka ba.

Ƙasa kuwa, ɗebi gwangwani ɗaya busasshiya, zuba gwangwani biyar na ruwan sama, kaɗa sosai, bari ta kwanta, sannan ka auna. Lambar za ta fi ta ma'aikatar gona ƙanƙanta, saboda haka riƙa gwada ta da awonka na baya. Auna bayan damina, ka sake a watan Afrilu lokacin da rijiya ta ja baya. In gishiri na hawa, bar masara ka koma dawa. Ta fi juriya nesa ba kusa ba.

Abu guda: ma'aunin ba ya faɗin irin gishirin. Kanwa tana toshe ƙasa ko da lambar ba ta da yawa. In ka ga ruwa na kwanciya a fangali bai shiga ba, kai samfur wurin malamin gona kafin ka sayi iri.