Kula da Allon Rubutu na Kwamfuta Maras Waya

Sau da yawa akan jefar da allon rubutu maras waya don waɗansu maɓallansa sun ƙi aiki, alhali kuwa gyaran ba wuya. Wannan asarar kuɗi ce.

Kafin a sayi sabo, wajibi ne a duba abubuwa uku. Na farko, batir: idan haruffa suna tsallakewa ko jinkirin fitowa, a sake shi. Na biyu, 'yar na'urar da ake sokawa a ramin USB: a zare ta a mayar, kada kuma nisa ya wuce mita 10. Na uku, ƙura, musamman da hunturu: a kashe allon, a kife shi a kakkaɓe, a share da burushi mai laushi.

Idan ruwa ko shayi ya zube a kai, a cire batir nan da nan, a bari ya bushe sarai.

Amma idan layin maɓallai guda ya mutu gaba ɗaya, galibi hanyar lantarkin ciki ce ta yanke, sayen sabo ya fi araha. Tsohon batir kuwa, kada a jefa shi wuta.

A riƙa rufe allon bayan aiki. Rigakafi ya fi magani.