Shugaba Ko Mabiyi: Wanne Ya Fi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ɗalibai, duk lokacin da za a naɗa monita sai aji ya rabu biyu. Wasu suna miƙa wuya don malam ya gan su, wasu kuma suna sunkuyar da kai kamar an ce za a raba bulala. A gida ma akwai iyayen da ke hura wa yaro kunne cewa shi ba ɗan bi ba ne. To wanne ya fi?

Ku fara duba sallar jam'i. Liman ɗaya ne, amma mamu ba makaho ba ne. Waɗanda suka kai babin rafkanuwa a Ahalari sun san idan liman ya miƙe zuwa raka'a ta biyar, wanda ya tabbata ƙari ne ba zai bi shi ba, zama zai yi, ya yi masa tasbihi. Idan kuma alwalar liman ta warware, daga cikin na bayansa zai jawo wanda zai ƙarasa. Ashe ke nan mai bi ma sai da ilimi.

Shugabanci kuwa amana ne. Abu Zarri (R.A.) ya taɓa roƙon Annabi (S.A.W.) ya ba shi muƙami, sai ya hana shi, ya nuna masa yana da rauni a wannan fagen, alhali kowa ya san tsoron Allah irin nasa. Hadisin yana cikin Muslim.

Wanda na fi so ku riƙe shi ne Khalid ɗan Walid (R.A.). A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Khalid soja ne kawai cikin mutum 3,000, bai daɗe da musulunta ba. Kwamandoji uku suka yi shahada ɗaya bayan ɗaya: Zaidu ɗan Harisa, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, da Abdullahi ɗan Rawaha. Sai jama'a suka miƙa masa tuta, ya yi dabara ya janye rundunar daga gaban Rumawa. Tun daga nan ake ce masa Takobin Allah.

Da Sayyidina Umar ya zama halifa, sai ya sauke shi daga jagorancin rundunar Sham, ya naɗa Abu Ubaida ɗan Jarrah. Ku auna wannan a ranku. Mutumin da sojoji ke ƙauna, takobi na hannunsa, Madina kuma tana nesa. Da irinmu ne, ko a cire mu daga shugabancin ƙungiyar ɗalibai, ai shi ke nan an daina ganinmu a taro. Khalid bai ware da magoya bayansa ba, ya ci gaba da yaƙi ƙarƙashin Abu Ubaida. Shi kuma Abu Ubaida bai ji kunyar neman shawararsa ba, har a Yarmuk, shekara ta 15, Khalid ne ya tsara yadda aka gwabza. Ni a ganina ranar da aka sauke shi ta fi ranar Mu'uta wuya, domin a Mu'uta da Rumawa ya yi fama, ran nan kuwa da zuciyarsa.

Ya rasu a garin Himsa, shekara ta 21, a kan shimfiɗarsa, ba shi da wani muƙami. Ku tambayi iyayenku labarin Usama ɗan Zaidu, saurayin da aka ɗora kan rundunar da Umar ke cikinta, ku zo mana da shi ranar Asabar.