Darasi: Yadda Ake Mayar Da Ragowar Nama Da Kifi Abincin Dabbobi Ta Amfani Da Enzayim

Duk wanda ke kiwon tarwaɗa ko kaji ya san cewa abinci ne ke cin fiye da rabin kuɗin da yake kashewa. Abin da ya fi tsada a cikin abincin kuwa shi ne furotin, musamman garin kifi. Ƙasar Peru ce kan gaba wajen sarrafa wannan gari, don haka lokacin da ta soke kakar kamun kifi ta farko a shekarar 2023 saboda ɗumamar ruwan teku, farashinsa ya tashi a kasuwannin duniya. A daidai wannan lokaci kuma mayanka da wuraren gyaran kifi na zubar da kawuna, kayan ciki, fata, ƙaya da gashin kaji, alhali duk furotin ne. A darasinmu na yau za mu duba fasahar da ke mayar da wannan ragowa abinci mai daraja.

Mene ne enzayim?

Furotin kamar dogon carbi yake, 'ya'yansa su ne ake kira amino asid. Hanjin dabba ba ya iya tsotse carbin gaba ɗaya, sai an tsinka shi ƙanana. Enzayim shi ne almakashin da ke wannan aiki, kuma nau'in da ke yanka furotin sunansa furotiyes. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Idan uwargida ta naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya yi laushi, enzayim ɗin gwanda mai suna fafen ne ya yi aikin. Abarba ma tana da nata, biromelen.

Masana'antu sun fi amfani da enzayim da ake samu daga ƙwayoyin bakteriya da ake renonsu a manyan tankuna. Wanda ya fi shahara shi ne Alcalase, na kamfanin Novozymes na ƙasar Denmak, wanda ya haɗe da Chr. Hansen a 2024 suka zama Novonesis. Akwai kuma fefsin, sai dai yawancin wanda ke kasuwa daga cikin alade ake ciro shi. Saboda haka duk mai kula da halal ya tambayi asalin enzayim kafin ya saya.

Me ya sa ba a tsaya ga dafawa ba?

Tsohuwar hanya ita ce a dafa ragowar da wuta mai tsanani, a matse kitsen, a busar, a niƙa. Tana kashe ƙwayoyin cuta, amma zafi idan ya yi yawa yana lalata wasu amino asid, musamman laisin, wanda girman dabba ya dogara da shi. Enzayim kuwa yana aiki ne a zafin digiri 50 zuwa 60, furotin ya tsinke ba tare da ya ƙone ba. Shi ya sa abin da ake samu ya dace da 'ya'yan kifi da 'yan tsaki, waɗanda hanjinsu bai yi ƙwari ba tukuna. Ƙanshinsa kuma yana jan kifi ya ci.

Matakan aikin

1. Tattarawa da wuri. Ragowar ta shiga aiki tana sabuwa, ko a ajiye ta cikin sanyi. Kifin da ya fara ruɓewa yana tara guba mai suna histamin, wadda dahuwa ba ta kashe ta.

2. Niƙa. A niƙa, a haɗa da ruwa, yawanci mudu ɗaya na ragowa da mudu ɗaya na ruwa.

3. Daidaita zafi da tsami. Kowane enzayim da yanayin da yake so. Alcalase ya fi aiki a kusa da 8 a ma'aunin pH, fefsin kuwa sai cikin tsami sosai, wajen 2.

4. Zuba enzayim. Kaɗan ake sawa, yawanci bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin ragowar ba. Ana motsawa tsawon awa ɗaya zuwa uku har naman ya narke ya bar ƙashi.

5. Tsayar da shi. A ɗaga zafi zuwa digiri 85 ko 90 na minti 10 zuwa 20. Wannan ne ke kashe ƙarfin enzayim, ya kuma rage ƙwayoyin cuta.

6. Rarrabewa. A tace ƙashi, sannan injin juyi mai gudu ya raba sauran gida uku: mai, ruwan furotin, da laka.

7. Busarwa. A ƙafar da ruwan furotin ya yi kauri, ko a mayar da shi gari da injin busarwa ta feshi.

Gwanintar tana mataki na huɗu da na biyar. Idan aka tsayar da wuri, furotin bai tsinke yadda ake so ba. Idan aka bari ya zarce, abin ya yi ɗaci, dabba ta ƙi ci. Kamfanonin ƙasar Norwe, inda ake kiwon kifin salmon fiye da ko'ina a duniya, da irin wannan tsari suke sarrafa kawuna da ƙashin bayan kifin.

Gashin kaza ya fi wahala. Fiye da kashi 80 cikin 100 nasa furotin ne, amma na keratin, mai ɗaure da sarƙoƙin sulfa. Sai an turara shi sannan a sa enzayim mai suna keratines. Jason Shih na Jami'ar Jihar North Carolina a Amurka yana cikin waɗanda suka yi fice a binciken wannan enzayim.

Hanya mai sauƙi ga ƙaramin mai kiwo

Injinan juyi da na feshi suna da tsada, ga buƙatar lantarki mai ɗorewa. Amma kayan cikin kifi suna ɗauke da nasu enzayim. Idan aka niƙa ragowar aka zuba fomik asid kashi 2 zuwa 3 cikin 100 har pH ya sauka ƙasa da 4, asid zai hana ruɓewa, enzayim ɗin kifin kuma ya narkar da shi cikin 'yan kwanaki a yanayi mai zafi irin namu. Wannan shi ake kira sailejin kifi. Ana yin sa a durom na roba mai murfi, ana motsawa kullum, sannan a cuɗa da dusa a shanya. Asid ɗin yana ƙona fata da ido, don haka safar hannu da tabarau wajibi ne.

Gargaɗi mai muhimmanci

Enzayim ba maganin kowace cuta ba ne. A 1986 aka gano cutar haukan shanu a Birtaniya, kuma ta yaɗu ne ta hanyar ciyar da shanu garin nama da ƙashin 'yan uwansu. Abin da ke jawo ta gurɓataccen furotin ne mai suna firayon, wanda ke jure zafi, yake kuma jure yawancin enzayim. Birtaniya ta hana wannan ciyarwa a 1988, Tarayyar Turai ta faɗaɗa haramcin a 2001, kuma sai a 2013 ta sake yarda a sa furotin kaji da na alade a abincin kifi. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce: kada a ba saniya, tunkiya ko akuya ragowar naman dabba, kada a ciyar da dabba ragowar jinsinta, kuma mushe ko dabbar da ta mutu da cuta ba su shiga wannan aiki.

Wanda ke son gwadawa ya fara da durom ɗaya, ya tanadi ma'aunin zafi da takardar gwajin pH, ya ware rukuni guda na kaji ko kifi ya riƙa auna nauyinsu kowane mako yana kwatantawa da sauran. Idan kuma sayarwa zai yi a Nijeriya, ya nemi rajistar hukumar NAFDAC kafin kayan su shiga kasuwa.