Yadda ake gyara gilashin rufin mota idan ya ƙi rufuwa

Da yawa daga motocin tokunbo da ke shigowa ta Kwatano da Legas suna zuwa da gilashi a rufi, wanda 'yan gareji ke kira sanruf. Abin sha'awa ne, sai ranar da hadari ya haɗo, ka danna maɓalli ya yi kememe. Kada ka kai hannu ka ja shi. Ƙarfi ne ke mayar da gyaran minti goma aikin sauke rufi gaba ɗaya.

Fara da kunne. Murɗa makulli, kashe rediyo, danna maɓallin rufewa, ka saurara.

Idan ka ji shiru, galibi wuta ce ba ta isa ba. Buɗe akwatin fiyus, yawanci yana ƙarƙashin sitiyari ko cikin bonet; zanen da ke murfinsa ko littafin motar zai nuna maka na rufin. Zaro shi ka ɗaga a haske. Idan siririn ƙarfen ciki ya tsinke, sa sabo mai lamba ɗaya da shi: mai 20 ka cire, mai 20 za ka mayar. Dabarar nan ta naɗa waya a madadin fiyus ita ce ke ƙona wayoyin mota, ka guje ta. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, aikin mai wayarin ne.

Idan kuwa gilashin ya taho, ya kusa rufuwa, sai ya ja da baya, to wannan ne aka fi gani a wajenmu, kuma shi ne mafi sauƙi. An ƙera motocin zamani ta yadda gilashin zai koma da zarar ya ji turjiya, don kada ya datse hannun yaro. Ƙurar hunturu takan haɗu da tsohon giris ta daskare a layukan da gilashin ke bi, shi kuma ya ɗauka hannu ne. Buɗe shi har ƙarshe, haska fitilar waya cikin layukan biyu. Za ka tarar da baƙin dauɗa mai yauƙi, da yashi, da busasshen ganyen darbejiya, wani lokacin har da 'yar tsakuwa. Kakkaɓe da tsohon buroshin haƙori, ka bi da tsumma har ƙarfen ya fito fes. Sannan shafa giris fari ko na silikon, kaɗan, gwargwadon abin da kan yatsa zai lakato. Ban da baƙin mai: yau zai yi santsi, amma kafin wata ya ƙare ya tara ƙurar da ta fi ta da. Goge robar gefen gilashin ma da jiƙaƙƙen tsumma.

Shin an cire batir kwanan nan? Wasu motocin sukan manta iyakar buɗewa da rufewa idan wuta ta yanke. A yawancinsu sai ka danne maɓallin rufewa, ko na ɗaga bayan gilashin, na kimanin daƙiƙa 10 zuwa 20, har ya motsa da kansa ya tsaya. Tsarin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka duba littafin motarka.

Mai wuyar ita ce wannan: kana jin ɗan injin da ke jan gilashin yana gurnani ko ƙas-ƙas, gilashin bai gusa ba, ko ya karkace gefe guda. Ɗauke yatsa daga maɓallin. Haƙoran injin ne suka cinye, ko ɗaya daga igiyoyi biyun da ke tura gilashin ta kuɓuce, ko robobin da ke riƙe da shi sun karye. Ƙara dannawa ƙara ɓarna ne.

Ko a hakan, sau da yawa za ka iya rufe shi da hannu ka isa gareji. A galibin motoci injin yana bayan fitilar rufi ta gaba. Naɗe bakin sukudireba da tsumma, ka ɓamɓaro murfin a hankali. A tsakiyar injin za ka ga rami mai kusurwa shida. Alanki mai milimita 4 ko 5 ne ya fi shiga. Kashe motar, ka juya sannu a hankali kana kallon gilashin. Idan buɗewa yake ƙara yi, juya ɗaya ɓangaren. Da ka ji ya cije, tsaya. Ba kowace mota ke da wannan ramin ba. Idan babu, rufe wurin da leda mai kauri ka tafi wurin masu gyara.

Tunda ka riga ka hau aikin, duba ƙananan ramukan da ke kusurwoyin rufin. Su ke kai ruwan sama ƙasa ta bututu. Zuba ruwa rabin kofi: ya kamata ka ga yana ɗiga ƙarƙashin motar, kusa da taya. Idan ya kwanta, zura siririyar igiyar roba ka buɗe, ba ƙarfe ba, don ƙarfe yana huda bututun. Ka riƙa yin wannan sharar sau biyu a shekara, bayan hunturu da kuma kafin saukar damina.