DARASI: KOYARWA DA HOTO MAI MOTSI

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata na Babban Katami, da na ƙasar Buza, Madawa da Keita. Darasinmu na yau a kan sinimar koyarwa yake, wadda ake ce ma bidiyo. Wayar hannu ta shiga ƙauyukanmu. Ɗiyanmu suna kallo cikinta dare da rana. Iyaye da yawa suna cewa kallo ɓata yara yake yi. Wasu kuma suna cewa ilimi ne. To, ina gaskiya take? Mu karanta a hankali, mu yi shawara tare.

Mene ne bidiyon koyarwa?

Hoto ne mai motsi da magana, wanda aka shirya don ya koyar da abu guda. Ba ya da tsawo. Ya bambanta da sinimar soyayya ko ta faɗa, wadda ake yi don nishaɗi. Ana iya kallonsa cikin telebijin, ko cikin waya, ko a haska shi jikin bango. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da yaro ya gani da idonsa, kuma aka yi mashi bayani, ba ya saurin manta shi.

Nijar ta daɗe da gwada wannan hanya

A shekarar 1964, shekara 4 bayan samun mulkin kai, malaman lakkol sun yi kaɗan ƙwarai a ƙasarmu. Yawancin yara ba su zuwa lakkol. Sai gwamnati, da taimakon Faransa, ta buɗe telebijin ta makaranta a Yamai. An fara da aji 2. A 1966 aka kai akwatunan telebijin cikin aji wajen 20 na ƙauyukan da ke kewaye da Yamai. Yara kamar 800 ne suka shiga.

Ga yadda aikin ya kasance. Kowace rana ana nuna darasi 4. Kowane darasi wajen minti 14 ne. In an kashe akwati, sai mai kula da aji ya ɗauka. Ya yi tambayoyi, yara su ba da amsa, su kwaikwayi abin da suka gani, su yi zane, su yi rubutu. Masu kula da ajin nan ba manyan malamai ba ne. Samari ne da suka ƙare ƙaramar lakkol, aka ba su horo na ɗan lokaci.

Ƙauyukan ba su da lantarki, sai batir. Daga 1968 aka fara gwada farantin hasken rana don kunna akwatin. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka yi haka.

Yaran sun so karatun. Kaɗan ne suka gudu daga aji. Baƙi sun zo daga ƙasashe da dama don su gani. Ƙasar Kodebuwa ma ta buɗe tata telebijin ta makaranta a 1971.

Me ya sa aka bari?

Duk da haka aikin bai ɗore ba. A 1979 kayan aikin suka koma hannun telebijin ta ƙasa, wato Tele Sahel. Dalilan su ne:

1. Aikin yana cin kuɗi da yawa, kuma yawancin kuɗin da masu sanin aikin daga waje suke.
2. Yara kaɗan ne suka amfana. Yawancin ajujuwan suna yammacin ƙasa, nesa da mu.
3. In akwati ya lalace a ƙauye, sai an jira mai gyara daga birni.
4. Da faransanci ake koyarwa. Uba da uwa ba su jin abin da akwati yake faɗa ma ɗansu.

Ku lura da na huɗun nan da kyau. Yaro ya fi saurin ganewa da harshen da ya sha a nono. Don haka ne a 1973 aka buɗe lakkol ta gwaji a Damagaram, inda ake fara karatu da Hausa. Mu ma a nan cibiya da Hausa muke koyon karatu.

Yau abubuwa sun sake. Wayar da ke cikin aljihu tana iya ɗaukar darasi da yawa. Farantin hasken rana ya samu a kasuwanninmu. Akwai kuma shirye-shiryen yara da Hausa, kamar Dandalin Sesame da Akili da Ni, waɗanda tashar AREWA24 ta Najeriya ta nuna.

Amfani na farko: sanin halittu da lafiya

Akwai abin da ido ba ya gani don ƙanƙanta. Akwai abin da ba mu gani don yana tafiya sannu. Bidiyo yana girmama ƙarami, yana gaggauta mai jinkiri.

Ƙwayar wake tana kwanaki cikin ƙasa kafin ta tsiro. Bidiyo yana nuna wannan cikin minti guda: saiwa ta yi ƙasa, ganye ya yi sama.

Sauro yana zuba ƙwai bisa ruwan da ya kwanta. Ƙwan ya zama ƴan tsutsotsi masu wutsil-wutsil. Bayan kwana 10 ko kusa da haka su zama sauro. Yaron da ya ga haka zai gane dalilin da ya sa ake kife tsohuwar tukunya, ake rufe randa, ake kwana cikin gidan sauro.

Manya sun tuna kurkunu. Wasu ƙananan ƙwari ne na ruwan tabki suke ɗauke da shi. Mutum ya sha su bai sani ba, sai bayan shekara tsutsa ta fito mashi a ƙafa, ta hana shi noma. Da mutane suka gane hanyarsa, suka riƙa tace ruwa, ciwon ya ja da baya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa babu sauran kurkunu a Nijar.

Amfani na biyu: tarihi

Yaro ba zai iya komawa jiya ba, amma hoto yana kawo mashi jiya. A 1899 Sarauniya ta Lugu ta yi tsayin daka gaban rundunar Turawan Faransa, Bule da Shanuwan. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta, kuma a 1986 Med Hondo ya mai da shi sinima. Amma a sani, sinima ba ta rasa ƙari. In an kalla, a tambayi malam da tsofaffi.

Muna da namu tarihi a nan kusa. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro cikin kwarin Majiya don su kare gonaki daga iska. A 1984 aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da taimakon Italiya. Mata da maza suka ɗauki dutse a ka, suka tare ruwa, suka dasa itatuwa, faƙo ya koma gona. Waɗanda suka yi aikin suna tsufa. Duk mai waya yana iya ɗaukar maganarsu, in sun yarda, a nuna ma yara a lakkol. Kada mu ce wannan aikin Turawa ne. Mustafa Alasan, ɗan Nijar, ya yi sinimar zane mai motsi tun wajen 1965. Ya zauna a Tawa, ya rasu a 2015.

Amfani na uku: koyon baƙaƙe

Ƙaramin yaro yana ganin harafi, yana jin sautinsa, yana ganin yadda hannu yake rubuta shi. Wannan yana taimako ga baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Ku karanta waɗannan da ƙarfi:

bari, ɓari
fada, faɗa
baki, baƙi
kafa, ƙafa

Lanƙwasa guda ta sake ma'ana. Amma kallo kaɗai ba ya koya ma hannu rubutu. Dole yaro ya riƙa alli da allo, ko ya rubuta da yatsa bisa rairayi.

Yadda za a yi aiki da shi

Kafin kallo: malam ya fara kallonsa shi kaɗai. Ya tabbata babu ƙarya ko abin kunya ciki. Ya ba yara tambaya guda da za su nemi amsarta.

Lokacin kallo: kada ya wuce minti 15. A zaunar da ƙanana gaba, mata da maza kowa ya gani. A tsai da hoto, a tambaya: me kuka gani?

Bayan kallo: a kashe. Yara su faɗi abin da suka gane da bakinsu, su rubuta, su gwada. In sun ga tsiron wake, su shuka wake cikin gwangwani, su duba shi kowace safiya.

Abin da aikin 1964 ya koya mana ke nan: akwati ba ya tambaya, ba ya gyara kuskure, ba ya sanin yaron da bai gane ba. Wannan aikin malam ne.

Aikin iyaye

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku duba abin da ke cikin wayar da ɗiyanku suke kallo. Ku zauna tare da su, ku tambaye su abin da suka koya. Kada kallon dare ya hana su barci da zuwa lakkol. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: kwamitin iyayen yara yana iya haɗa kuɗi a sayi farantin hasken rana da batir, a zaɓi mutum guda mai amana ya kula da su. A ware kuɗin gyara tun farko.

Tambayoyi

1. Wace shekara aka buɗe telebijin ta makaranta a Nijar?
2. Faɗi dalili 2 da suka sa aka bari.
3. Me malam zai yi kafin kallo, me zai yi bayan kallo?

Lissafi

1. Darasi 4 a rana, kowane minti 14. Minti nawa ke nan?
2. Yara 800 cikin aji 20. Yara nawa cikin kowane aji?
3. Daga 1964 zuwa 1979 shekara nawa ne?

Rubutu

Wane labari na garinku kuke so a ɗauka don jikokinku su gani? Ku rubuta layi 5, ku ba malamin cibiyarku ya aiko ma jaridarku. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.